Igiyar da Baba Ya Kai Fatakwal

Dukanku kun tashi kun tarar ana kirana Kaftin a unguwarmu Kwarbai, kun kuma san ba don girmamawa ake faɗa ba. Tun kuna ƙanana kuke jin abokan wasana a bakin masallaci suna cewa ga Kaftin nan mai kifar da jirgi a tsaye, ni kuma in yi dariya in wuce. Labarin da ya zaga unguwa shi ne, wai an ba ni amanar jirgin ruwan wani attajiri a Fatakwal, na tafi cin tuwo na bar shi ya lalace, aka koro ni gida. Ban musa ba. Na tafi neman tuwo, jirgi ya lalace, an kuma kore ni. Amma akwai abin da ke tsakiyar labarin wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta. Kwanakin baya da Hadiza ta zo da 'ya'yanta, na ji ƙaramin yana tambayarta ko da gaske kakansa ne ya nutsar da jirgi. Ta sunkuyar da kai. Wannan sunkuyar da kan ne ya hana ni sakat, shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan.

Sai kun san kakanku kafin ku gane abin da ya faru. Malam Iro mai igiya ake ce masa, daga unguwarmu har kasuwar birni. Tufka ce sana'arsa, ita ce ta mahaifinsa. A zauren nan da kuke ajiye babura yake zama, ga damin rama a gefe, ga kaskon ruwa, yana murza zare a cinya har gashin wurin ya ƙare ƙaf, fatar ta yi santsi kamar bayan ƙwarya. Igiyar guga, igiyar jaki, igiyar ɗaure kaya, duk wanda ya saya a hannunsa ba ya dawowa da ƙorafi. Abu ɗaya ne ya tsana a duniya, shi ne ɗauri sako-sako. A wurinsa mutumin da ya yi sakaci da ƙulli zai yi sakaci da amana, ba ya kuma sauraron wani bayani a kan haka. Na sha ganinsa ya tsaya a kan hanya ya kwance kayan jakin wani baƙauye da ya shiga masallaci, ya sake ɗaurewa tamau, ya karkaɗe hannu ya wuce, mai jaki ya fito bai san wanda ya yi masa ba. Inna takan ce wata rana sai an kama shi a ce ɓarawo ne. Shi kuwa bai ɗauki abin shisshigi ba, a ganinsa rufa wa mutum asiri yake yi.

Ni ne ɗan farinsa, shi ya sa aka sa mini Lawal. Ku 'yan zamani ba za ku gane nauyin wannan ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama ya yi hira da shi, ba ya ci kwano ɗaya da shi, ba ya yabonsa, ba ya ma yi masa faɗa kai tsaye. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, amma yaro ba ya rarrabe su. Idan Baba yana son in ɗebo ruwa, Inna yake gaya wa, ko da ina tsaye a gabansa.

"Ki ce wa wancan randa ta bushe."

Ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa ina kallo. Na girma ban taɓa jin yadda sunana yake fita daga bakinsa ba. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo, kuma yana cikin abin da ya sa da na tasa na bi motar albasa na gudu Kudu.

A Fatakwal na yi dako a bakin ruwa, na yi wankin jirage, har Allah Ya haɗa ni da wani dattijo mutumin can, mai tuƙa jirgin fito, ya ɗauke ni aiki. Abin da ya fara koya mini ba sitiyari ba ne, ba kuma inji ba. Zaunar da ni ya yi a kan gadar katakon da ake ɗaure jirage, ya ce in zuba wa ginshiƙanta ido. Nan na ga abin da ɗan Zariya bai taɓa gani ba. Mu ruwan da muka sani shi ne Kubanni, ya cika da damina, ya janye da rani. Ruwan can kuwa kullum sai ya cika ya janye, ya sake cika ya sake janyewa, kuma saukar da yake yi ta kai tsayin mutum, wani lokaci ta fi. Gada tana nan a kafe, jirgi ne yake hawa yake sauka tare da ruwan. Saboda haka idan ka ɗaure jirgi lokacin da ruwa ya cika, dole ka saki igiya ta yi tsawo har ta yi lilo, don idan ruwa ya sauka jirgin ya bi shi. Wanda ya ɗaure tamau ya rataye jirginsa. Ranar da na fara sakin igiya haka sai da hannuna ya yi mini nauyi, don jinin Malam Iro ne a jikina.

Daga baya na samu aiki wurin wani ɗan kwangila da kowa ke ce wa Cif. Yana da jirgin shaƙatawa fari tas, mai inji biyu, da falo a ciki, da kujeru masu laushi, da ɗan madafi, bangonsa na katako mai sheƙi wanda nake gogewa kamar zan ci abinci a kai. Ba ya dako, ba ya fito, aikinsa kawai ya ɗauki Cif da baƙinsa ranar Lahadi su sha iska. Cif mutum ne mai tsawa amma mai hannun kyauta. Ya yarda da ni har ya ce shekara mai zuwa zai tura ni makarantar matuƙa in samo takardar tuƙa manyan jirage. A wannan shekara ba abin da nake so a duniya kamar wannan takarda.

A gida kuwa magana ta yi yawa. Wasu suka ce ƙarya nake yi, gadi nake yi a gidan wani, wasu suka ce ina aka taɓa jin Bazazzage yana tuƙa jirgin ruwa. Inna ta sa abin a ranta har ta rame. Ita ta ba ni labarin yadda wata safiya Baba ya ajiye tufka ya ce mata:

"Zan je in ga abin da wancan yake yi da idona, kowa ya huta."

Mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba ya hau jirgin ƙasa shi kaɗai, da buta da buzu da wani buhu da ya ƙi bari kowa ya riƙe masa. Na tarbe shi a tasha na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon rufin tashar. A ɗakina kuwa abin dariya ne da ban tausayi, don babu Inna da za ta tsaya a tsakaninmu. Sai ya riƙa yi wa ƙofa magana, ko buta. Ya dubi bango ya ce wannan gari ruwa ya yi masa yawa. Ni ma in dubi tabarma in ce haka ne, amma ana sabawa.

Da Cif ya ji mahaifina ya zo, sai ya ce lallai a taho da shi ranar Lahadi. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ya rungumo buhunsa. Ya zauna a bayan jirgi ya miƙe zam, hannu ɗaya a kan ƙarfen gefe. Da na tayar da inji na juya jirgin muka kama hanya, na saci kallonsa ta gilashi, sai na ga ba ruwa yake kallo ba, hannuwana yake kallo a kan sitiyari. Ban taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba.

Wajen tsakar rana muka isa wani gari na bakin ruwa inda abokin Cif ya shirya musu liyafa. Ranar kasuwa ce, tashar ta cika maƙil. Kwale-kwale masu ɗauke da ayaba da garin rogo, jiragen fito cike da mata da kwanduna, masu katako, masu kifi, kowa yana ihu da yarensa, ga hayaƙin inji, ga ƙarnin kifi. Wuri ɗaya ne ya rage a jikin gadar, tsakanin wani jirgin siminti da wani na fasinja, da ƙyar zai ɗauke mu. Na rage wuta, na bar ruwa ya tura mu, na ba injin hagu baya kaɗan, jirgin ya shiga wurin a hankali ya jingina da tayoyin motar da aka rataya a gadar, ko ƙwai ne a tsakani ba zai fashe ba. Baƙin Cif suka tafa. Na yi tsalle na hau gada, na ɗaure gaba, na ɗaure baya. Ruwa ya cika taf a lokacin, yana gab da juyawa, don haka na saki igiyoyin sosai, suka yi lilo har cikinsu yana taɓa ruwa.

Sai na ji gyaran murya a bayana.

Na san wannan gyaran murya tun ina yaro, na kuma san abin da ya gani. Ɗan Malam Iro mai igiya, a gaban maigidansa, a gaban kasuwa guda, ya yi ɗaurin da ko akuya ba za a yi wa ba. Kuna iya cewa me ya hana in juya in yi masa bayani. Da wane baki? Mutumin da tsawon rayuwata ban taɓa jera masa magana uku ba, shi zan tsaya a gaban baƙi ina koya wa yadda ake ɗaure igiya? A gidan da muka fito babu wannan hanyar. Na ce a raina idan mun koma ɗaki zan yi wa bango bayani, shi kuma ya ji.

Cif da baƙinsa suka hau mota suka tafi liyafarsu. A ƙa'ida ni nake zama a jirgi. Amma Baba tun safe goro kawai ya sa a bakinsa. An miƙa masa burodi da naman gwangwani a hanya, ya karɓa da godiya ya ajiye a gefe, ya gaya wa ruwa cewa mutum ba ya cin naman da bai san wanda ya yanka ba. Na san akwai unguwar Hausawa a bayan kasuwar. Na dubi ƙasa na ce akwai masu tuwo a sama, ko za a taka. Ya dubi jirgin siminti ya ce:

"Dattijo ba ya zama a bakin hanya yana cin abinci mutane suna wucewa."

Na ɗauki kwanon samira na ce to bari a je a kawo. Hankalina a kwance yake, don ɓarawo kaɗai nake tsoro a irin wannan tasha, kuma ga mutum a ciki.

Mai tuwon wata Hajiya ce mutuniyar Soba da ta daɗe a can. Da ta ji wanda zan kai wa, sai ta ƙwace kwanon daga hannuna.

"Dattijon birni guda ya taso tun daga Zariya, in zuba masa ɗumame? Allah Ya kiyaye. Zauna, yanzu zan tuƙa sabo."

Na ce ina sauri, ta ce saurin me, jirgin ƙafa gare shi? Ta sa aka zuba mini nawa, na ci. Aka kira azahar, na bi jam'i. Aka kwashe tuwo, ta ce miyar kukar sai ta ƙara nuna, ta sa man shanu, ta tsinto masa tsoka mai kyau. Mutanen wurin suka kewaye ni da tambayar gida, wane yana nan, an gyara hanyar kaza. Ban ji komai a jikina ba, ina ta murna yau Baba zai ci tuwon gida daga hannuna. Da na gangaro na ga ruwa ya janye, baƙin taɓo ya fito a gaɓa yana wari, ko gezau ban yi ba, don na san igiyar da na bari.

Taron mutane na fara hangowa a kan gadar, sannan na ji ihu. Na kutsa da kwano a hannu. Duk jiragen da ke wurin sun sauka tare da ruwa, namu ne kaɗai bai sauka ba. Gefensa na jikin gada yana rataye a sama, ɗaya gefen ya nutse, ruwa yana kwarara ta tagogin falo zuwa ɗakin inji. Katakon nan da nake gogewa yana ƙara yana tsagewa a hankali. Igiyoyina an janye su an ɗaure tamau. A tsakiya kuma ga wata igiya da ba tawa ba, sabuwa, ta rama, kauri kamar damtsen yaro, an zagaya ta sau da yawa tsakanin ƙarfen jirgi da ginshiƙin gada, an gama ta da ƙullin da ko a mafarki na gan shi zan gane. Buhun nan yana yashe a gefe, babu komai a ciki. Ashe abin da ya rungumo tun daga Zariya ke nan. Ya ji an ce aikin ɗansa da igiya ake yi, ya zauna ya tufka mini wadda ta fi kowace kyau, ya kuma rasa yadda zai miƙa mini.

Baba yana durƙushe a kan gefen da ya ɗaga, rawani ya warware, yana fama da ƙullin da farce da haƙori. Nauyin jirgi duka ya hau kansa, ya zama kamar dutse. Yatsunsa duk jini. Mutane suna yi masa ihu da yaren da ba ya ji, wasu suna dariya. Na ajiye kwano, na karɓi adda a hannun wani mai kwakwa, na kama Baba na ɗora shi a kan gada, wannan ne karo na farko da na riƙe jikinsa tun ina jariri. Na sare igiyoyina. Tasa sai da na sara na sake sara kafin ta rabu. Jirgin ya faɗa ruwa da ƙarfi, ya yi tangaɗi ya tsaya, amma aikin gama ya gama. Gefe ya tsage, ruwan gishiri ya shanye injina biyu.

Cif ya iso yana huci. Ya dubi jirginsa, ya dubi guntun igiyar rama da ke lilo a ginshiƙi, ya tambaya da Turancin kasuwa wa ya yi wannan ɗauri. Mutane suka fara nuna Baba. Ya tsaya a gefe da farar rigarsa da ta ɓaci da taɓo, dattijon da a unguwarsu ba a ɗaga masa murya, yara suna leƙa fuskarsa. Na san abin da zai biyo baya. Da na ce tsoho ne, bai san ruwa ba, Cif zai yi tsawa ya yi zagi, watakila ya bar ni a kan aikina, don ya ga ɗaurina da idonsa kafin ya tafi. Amma za a zagi Malam Iro a tsakiyar kasuwa a kan igiya, labari kuma zai riga mu isa Kwarbai, don Hausawan unguwar sun riga sun gangaro. Ban yi dogon tunani ba. Na shiga tsakaninsu na dafa ƙirjina.

"Ni ne. Igiyar garinmu ce, ni na dawo na ƙara ta kafin in tafi. Tsohon ƙoƙarin kwancewa yake yi."

Cif ya daɗe yana kallona. Ya ce shekarun da na yi a ruwa ashe ban bar halin mutanen tudu ba. Ya ce kada ya sake ganina kusa da abin da yake nasa. A bakin ruwa labari ba ya kwana, kafin mako ya zagayo babu mai jirgin da zai ba ni ko igiya in riƙe masa. Dattijon da ya koya mini tuƙi ya gan ni a hanya ya kau da kai, wannan ya fi korar yi mini zafi.

A motar da ta mai da mu Fatakwal na gaya wa bayan kujera cewa wani babban jirgi ne ya wuce ya tayar da igiyar ruwa, ita ta yi ɓarnar, kuma dama aikin ya ishe ni. Kwanon tuwo yana kan cinyata, ya huce, ba wanda ya buɗe shi. Tare muka hau jirgin ƙasa muka dawo Zariya.

Abin da na iya na inji shi ya riƙe ni. Na buɗe rumfar gyaran injin niƙa da na ban ruwa, daga baya janareto, da ita na yi aure, da ita na yi muku makaranta. Ba zan ce muku ban yi baƙin ciki ba. Na yi, mai yawa. Shekaru ina gyaran injin markaɗen mata, in ji ƙararsa ta koma mini ta jirgi, in rufe rumfa in tafi bakin Kubanni in zauna kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wani lokaci idan aka ce mini Kaftin, dariyar da nake yi a fatar baki take tsayawa. Akwai ranakun da na ji haushin Baba har na ƙi shiga ta zaure. Amma ban taɓa yin nadamar dafa ƙirjina ba, ina so ku riƙe wannan.

Baba ya ci gaba da tufka, yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Abu ɗaya ne ya canza, Inna ce ma ta fara lura. Ya daina taɓa ɗaurin kowa. Ya ga kayan jaki sun karkace, ya tsaya ya kalla, ya sa hannuwansa a baya ya wuce. Idan abokan wasana suka yi mini tsiyar Kaftin a ƙofar gida, sai ya tattara ramarsa ya shige ciki. Ni na ɗauka kunyar ɗa marar kirki yake ji.

Ciwon ajalinsa ya same shi bayan an haifi Hadiza. Wata rana da hantsi na shiga gaishe shi, yana kwance a kan gado, Inna tana yi masa fifita. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda na saba. Ya juya wajen Inna ya fara:

"Ki ce wa wancan..."

Ya daɗe yana numfashi. Sannan ya juyo da fuskarsa, ya dube ni cikin ido.

"Lawal."

Wallahi sai da na waiga, na zaci wani yake kira. Inna ta saki mafici ta rufe bakinta da gyale.

"Matso. Ni ba na jin Turanci, amma ina da ido. Na ga ruwa yana sauka a jikin itacen gadar nan tun kana wajen tuwo, na gane abin da na yi. Na kuma ga lokacin da ka dafa ƙirjinka."

Na ce, "Baba, ku bar maganar nan, ta wuce."

"Ba ta wuce ba, kullum ina jin ta a ƙofar gida. Na so in buɗe baki a can, na ga idan na yi na mai da kai maƙaryaci a gaban maigidanka. Da muka dawo na so in faɗa, na kasa. Na ga igiya a sake, na ce kada a yi maka dariya, shi ke nan abin da na nufa. Ka yafe mini. Idan na tafi ka gaya wa mutane, ka sauke sunan nan."

Na kifa kaina a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba a Fatakwal. Ya ɗora hannunsa a kaina, da yatsun nan biyu da suka sandare. Can da na lafa sai na ji ya koma wa Inna, muryarsa ƙasa-ƙasa, har da ɗan alfahari a ciki:

"Amma dai igiyar ba ta tsinke ba. Sai da aka sa adda."

Bai ƙara kwana da yawa ba.

Ya ce in faɗa, ban faɗa ba. Duk lokacin da na yi niyya sai in hango mutanen bakin masallaci suna mai da dariyar kansa, shi kuma ba ya nan balle ya tattara ramarsa ya shige ciki. Inna ta riƙe maganar har ta bi shi. Yanzu waɗanda suka san shi sun ƙare, saura ku, kuma ku ba dariya za ku yi ba. Idan 'ya'yanku suka sake tambaya, ku ce kakansu bai nutsar da jirgi ba, ku kuma ce wanda ya ɗaure igiyar ba wauta ce ta sa shi ba, ɗansa yake rufa wa asiri da abin da ya iya. Sunan Kaftin kuwa ku bar mini kayana, na saba da shi.

Ke kuma Hadiza, kin sha jin gwaggwanninki suna yi mini tsiya wai ba ni da kunya, ina ƙwala wa 'yar fari kira da sunanta tun daga zaure har maƙwabta suna ji. Yanzu kin san dalili. Ni sau ɗaya na ji nawa.